Hakaton na Farko: Me Ake Samu a Cikin Awa 48?

A 'yan shekarun nan da wuya wata ya shige ba a ga wata sanarwa tana yawo a zaurukan WhatsApp na ɗaliban kimiyyar kwamfuta ba: za a yi hakaton a Kano, ko Kaduna, ko Jos, ko Abuja, ko kuma ta intanet, a kafa tawaga, a yi rajista, akwai kyauta ga waɗanda suka yi fice. Da yawa sukan karanta, su tura wa wani, su wuce. In ka tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: "Ai ban ƙware ba tukuna." Akwai kuma masu zuwa da zaton cewa yammacin Lahadi za su fito da kamfani a hannu da miliyoyi a asusu. Dukkansu ba su gane abin da ake yi a wurin ba, kuma rashin ganewar yana da tsada. Na farko ya rasa makarantar da ba a biyan kuɗinta, na biyu ya koma gida rai a ɓace yana cewa yaudara ce.

Hakaton taro ne da ake haɗa masu rubuta manhaja da masu zanen fuskarta da masu sanin wata matsala, a ƙayyade musu lokaci, yawanci awa 24 ko 36 ko 48, a ce su gina wani abu da yake aiki, su nuna shi a gaban jama'a kafin a tashi. Ba rubutun shawara ake so ba, ba kuma alkawarin abin da za a yi baɗi ba. Abin da za a danna ya motsa ake so, ko da ƙarami ne.

Tarihinsa yana taimakawa wajen gane halinsa. A watan Yunin 1999 aka yi taruka biyu da ake dangantawa da asalin abin. Na farko a birnin Kalgari na Kanada, inda wasu mutum goma ko makamancin haka daga masu gina OpenBSD suka haɗu don su yi aiki tare a kan manhajar ɓoye saƙo. Kasancewar taron a Kanada ya kuɓutar da su daga dokokin Amurka na wancan lokaci da suka taƙaita fitar da irin wannan fasaha zuwa waje. Babu alƙalai, babu kyauta. Mutane ne da suka saba aiki daga nesa suka ga cewa in sun zauna ɗaki ɗaya na 'yan kwanaki, aikin watanni zai tafi. Wannan aikin gayya ne sak: a taru a gonar da kowa ya san ta, a yi noma, a ci abinci, a watse. Na biyu kuwa, 'yan kwanaki bayan nan a taron JavaOne na kamfanin Sun Microsystems a San Faransisko, John Gage ya ƙalubalanci mahalarta su rubuta manhaja da yaren Java don wata na'urar hannu mai suna Palm V. Wannan kamfani ne yake son a gwada kayansa, a saba da su. Har yau duk hakaton da za ka shiga yana ɗauke da jinin waɗannan biyun, wani ya fi karkata ga taimakon juna, wani ga gasa da tallan kaya. Sabon shiga ya kamata ya san wanne ya fi rinjaye a wanda ya yi wa rajista.

Daga nan abin ya bazu. Facebook ya mai da shi al'ada a tsakanin ma'aikatansa. A 2007 aka fara Startup Weekend a garin Bolda na jihar Kolorado, taron awa 54 da ke buɗewa da ba kowa minti ɗaya ya faɗi tunaninsa. Ɗaliban Jami'ar Fensilbeniya suka fara PennApps a 2009, hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fara gasarta ta Space Apps a 2012, wadda ake yi a birane da dama na duniya a ƙarshen mako guda. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, gwamnatin Jamus ta mara wa wani hakaton na intanet baya, WirVsVirus, inda mutum kimanin 28,000 suka shiga. A nahiyarmu akwai dandalin Zindi da aka kafa a Kef Tawun a 2018, wanda a 2020 ya fara shirya UmojaHack don ɗaliban jami'o'in Afirka masu koyon nazarin bayanai.

Labaran da masu shirya taro suka fi son bayarwa su ne na waɗanda suka yi arziki. GroupMe, manhajar hira ta rukuni, an fara ta ne a hakaton na TechCrunch Disrupt a birnin New York a 2010, shekara ta zagayo Skype ya saye ta. Zapier ya samo asali daga wani Startup Weekend a jihar Mizuri a 2011. Labaran gaskiya ne, amma ba su ne abin da aka saba gani ba. Alexander Nolte da abokan aikinsa sun bi diddigin dubban ayyukan hakaton da aka ɗora a dandalin Devpost, a wani bincike da suka wallafa a 2020, suka tarar cewa bayan wata biyar waɗanda ake ci gaba da taɓawa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Mafi yawa ranar rufe taro ce ranar ƙarshe da wani ya buɗe su.

Misalin da ya fi kusa da mu, kuma ya fi koyarwa a ganina, shi ne BudgIT. A 2011 cibiyar CcHUB ta Legas, wadda Bosun Tijani da Femi Longe suka kafa, ta shirya wani hakaton a kan fasaha da shugabanci. Oluseun Onigbinde, wanda a lokacin ma'aikacin banki ne, da Joseph Agunbiade suka zo da tunanin da bai da wani ado: kasafin kuɗin Najeriya takarda ce mai ɗaruruwan shafuka da talaka ba ya iya karantawa, to a mai da shi zane da lissafi mai sauƙi. Abin da suka fito da shi a ƙarshen makon bai wuce somin taɓi ba. Shekarun da suka biyo baya ne suka yi BudgIT, har ta kai ga ƙaddamar da Tracka a 2014 don bibiyar ayyukan mazaɓu. Abin lura a nan, ba gwanintar rubuta manhaja ce ta ɗaga su ba. Sun san wata matsala ta gaske daga ciki, sun sami juna, sun kuma dawo aiki ranar Litinin.

Wannan ya kawo mu ga mai cewa bai ƙware ba. Tawagar hakaton yawanci mutum uku zuwa biyar ce, NASA ma ba ta yarda a wuce shida. A cikin irin wannan tawaga aikin rubuta kod kashi ɗaya ne kawai. Dole wani ya zana yadda fuskar manhajar za ta kasance, wani ya nemo bayanan da za a zuba mata, wani ya riƙa gwada ta yana neman inda take karyewa, wani ya tsara abin da za a faɗa wa alƙalai. Ɗalibar koyon aikin jinya da ta san yadda katin awon ciki yake ɓacewa a asibitin ƙauye ta fi amfani ga tawagar da ke aiki a kan lafiya fiye da mai rubuta kod na huɗu. Shi ma wanda ya fara koyon Python wata uku da suka wuce, zaman kwana biyu kusa da wanda ya fi shi zai nuna masa abubuwan da bidiyon YouTube ba ya nunawa: yadda gwani yake karanta saƙon kuskure ba tare da firgita ba, yadda yake neman amsa, yadda yake watsar da hanyar da ta ƙi ɓullewa. Sharaɗi ɗaya ne, ka faɗi gaskiyar abin da ka iya tun daren farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya karɓi aikin da bai iya ba saboda kunya, ya yi shiru har asubahin Lahadi, shi ne yake kayar da tawaga. Wanda ya ce "ban san wannan ba, nuna mini" minti goma kawai ya ci.

Akwai ɗan shiri da ba a so a bari sai an je. Ka koyi amfani da Git da GitHub gwargwadon yadda za ka iya ɗora aikinka ka kuma sauke na abokin aikinka, domin rikicin haɗa kod na mutum huɗu da tsakar dare ya fi kowane abu cinye lokacin sababbi. Ka sauke duk kayan aikin da kake buƙata a laftof ɗinka tun daga gida. Intanet ɗin zauren da mutum ɗari suke ja a lokaci guda ba abin dogaro ba ne, don haka ka zo da datarka, in da hali a layuka biyu. Ka zo da caja da soket mai baki da yawa, kada ka ɗauka janareta zai kwana yana aiki.

Awannin farko su ne suka fi daɗi, su ne kuma suka fi haɗari. Kowa yana da ƙarfi, kowa yana da tunani, allo ya cika da zane. A nan ne tawagar sababbi take yanke wa kanta hukuncin faɗuwa, domin takan amince da gina abin da kamfani mai ma'aikata hamsin zai shekara yana ginawa: manhajar da za ta haɗa manomi da mai saye, ta ba shi rance, ta faɗa masa yanayin damina, ta gano cutar ganye daga hoto, ta kuma kira masa mota. Tawagar da ta saba takan yi tambaya ɗaya: wane abu guda ne, in ya yi aiki a gaban alƙalai cikin minti uku, za a gane darajar tunaninmu? Sai su gina wannan kaɗai, daga farkonsa har ƙarshensa, kafin su taɓa wani abu. Shafin rajista da na sauya lambar sirri da tambarin kamfani duk suna iya jira. Yanke buri shi ne darasi mafi tsada da hakaton yake koyarwa, kuma ban san wani aji a jami'a da yake koyar da shi da irin wannan kaifi ba, saboda a aji akan ƙara wa ɗalibi mako guda, a nan kuwa agogo ba ya sauraron roƙo.

A dare na biyu ne ake gane hali. Wani abu da ya yi aiki da la'asar ya daina, ba wanda ya san dalili. Gajiya ta sa magana ta fara kaushi. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya yi barci, ko da na awa huɗu ne, a yi karɓa-karɓa. Al'adar yin alfahari da kwana biyu ido biyu a kan shayi da lemon ƙara kuzari ba ta haifar da komai sai kod ɗin da za a warware da safe. Yawancin taruka suna kawo ƙwararru masu zagayawa tebur-tebur don ba da shawara. Sababbi sukan ji nauyin kiransu, alhali don haka aka gayyato su. Ka kira su da wuri, ka nuna musu takamaiman inda ka maƙale.

Awa uku ko huɗu kafin a rufe, a daina ƙara sabon abu. A gyara abin da ke akwai, a ɗauki bidiyon manhajar tana aiki don kada intanet ta yanke a kan dandamali, a maimaita gabatarwa ana duba agogo. Tawagogi da yawa sun gina abu mai kyau suka rasa shi a nan, saboda sun cinye minti biyu suna gaisuwa da gabatar da sunaye da bayanin yawan al'ummar Najeriya, aka kaɗa ƙararrawa ba su nuna komai ba. A fara da mutumin da matsalar ta dama, a nuna abin yana aiki, a faɗi abin da bai kammala ba. Alƙalan da suka san aiki suna gane allon da aka zana kawai aka yi kamar yana aiki, kuma sun fi girmama wanda ya faɗa da bakinsa.

Wajen zaɓen matsala ne nake ganin matasanmu suke zubar da abin da suka fi kowa. Sau da yawa sai ka ga an kwaikwayi wata manhajar da aka gani a Turai ko Legas an sauya mata suna, alhali wanda aka ce don shi aka yi ta yana riƙe da ƙaramar waya mai maɓalli, ba ya karanta Turanci, wani lokaci ma bokon Hausa sai a hankali. Irin wannan mutum ta lambar USSD ake isa gare shi, irin wadda yake dannawa ya duba kuɗinsa a banki, ko ta gajeren saƙo, ko ta saƙon murya da Hausa. Matashin da ya tashi a Dawanau ya san yadda ake cinikin hatsi, ya san rawar dillali da inda amana take shiga da inda take fita. Yarinyar da mahaifiyarta uwar adashi ce ta san yadda ake riƙe lissafin zubi da kwasa, da rigimar da ke tashi in littafi ya jiƙe. Wannan ilimi babu shi a intanet, kuma tawagar da ta zo daga nesa ba za ta same shi cikin awa 48 ba. In an sanar da jigon taro tun da wuri, ka je ka zauna da mutum huɗu ko biyar da abin ya shafa kafin ranar. Masu sha'awar harshe kuma suna da fili babba, domin ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP sun tara bayanan Hausa da kowa zai iya ɗauka ya yi gini a kai.

Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 yanayin ya sauya. Abin da a da yake cin dare guda yanzu ƙirƙirarriyar basira tana rubuta shi cikin mintuna, wanda hakan ya sauƙaƙa wa sabon shiga ƙwarai. Sai dai kowa a zauren yana da wannan makami, saboda haka abin da zai bambanta ku ya koma ga sanin matsala da iya bayani. Ka duba ƙa'idar taron a kan amfani da ita, kuma kada ka hau dandamali da kod ɗin da in an ce "me wannan layin yake yi?" za ka yi zuru.

Ba zan ɓoye ɓangaren da ba shi da daɗi ba. Masana zamantakewa Sharon Zukin da Max Papadantonakis sun halarci hakaton da dama a New York, suka wallafa nazarinsu a 2017, inda suka nuna yadda kamfanoni suke samun aiki da tunani kyauta daga matasa, a lulluɓe da sunan nishaɗi da dama. Suka ce taron yana sabar wa matashi da ganin aiki ba dare ba rana, ba albashi ba tabbas, a matsayin abin alfahari. Sukar tana da tushe. A gayya kowa ya san mai gona, kuma ya san gobe za a zo tasa. A hakaton dole ka tambaya. Kafin ka danna amincewa, ka karanta sharuɗɗan: wa ya mallaki abin da kuka gina? Wasu masu shiryawa suna barin komai a hannun tawaga, wasu suna rubuta cewa duk abin da aka gabatar ya zama nasu ko suna da ikon amfani da shi yadda suka ga dama. Kyautar ma a duba: kuɗi ne a hannu, ko damar amfani da kayan kamfani na ɗan lokaci, ko jari ne da za a karɓi wani kaso na kamfaninku a madadinsa? Yaushe za a biya? Ko a manyan wurare ana samun tangarɗa. A 2013 kamfanin Salesforce ya sa kyautar dala miliyan ɗaya, aka ba wata tawaga mai suna Upshot, sai ƙorafi ya tashi cewa an riga an nuna aikin nasu kafin gasar, kuma ɗaya daga cikinsu tsohon ma'aikacin kamfanin ne. A ƙarshe kamfanin ya ba tawaga ta biyu ita ma dala miliyan ɗaya. A tsakaninku kuma, ku yi maganar rabon kyauta tun daren Juma'a, lokacin da babu ko sisi a ƙasa. Zumunci da yawa ya lalace a kan maganar da aka ji kunyar yi da wuri.

Duk da haka hukuncina shi ne a je. Abin da sabon shiga yake fitowa da shi, ko bai ci komai ba, abu ne da za a iya nunawa: aiki ɗaya da aka kammala, yana zaune a GitHub da bayaninsa, wanda ya fi jerin takardun shaidar kwas ashirin nauyi a idon mai ɗaukar aiki. Yana fitowa da sanin mutum uku ko huɗu da ya ga halinsu a cikin matsi, ya san wanda ke cika alkawari. A garuruwan da masu wannan sana'a suke a warwatse, kowa a ɗakinsa da laftof ɗinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna, nHub a Jos, Startup Kano da Blue Sapphire a Kano, da CIPMEN a Yamai, babban amfaninsu ke nan, haɗa fuskokin da da ba za su haɗu ba. Amma a yi abin da 'yan BudgIT suka yi. A cikin makon da ya biyo baya a sake zama, a yanke shawara a fili: za mu ci gaba ko mun tsaya nan? In an tsaya babu laifi, a rubuta abin da aka koya a ajiye. In za a ci gaba, a kai abin hannun mutum goma na gaske a ga ko za su sake buɗe shi.

Saura masu shiryawa, domin rabin dalilin da yake hana sababbi zuwa yana hannunsu. Tsarin kwana a zaure a nan yana nufin mafi yawan 'yan mata ba za su zo ba, don iyaye kaɗan ne za su yarda 'yarsu ta kwana a ɗaki ɗaya da samari ɗari, matar aure mai goyo kuwa ba a ma maganarta. Babu abin da zai ragu in an yi taron kwana uku da rana, daga safe zuwa magariba, kowa ya kwana a gida. In kwanan ya zama dole, a ware wa mata wurinsu mai tsaro, a rubuta wa iyaye takarda da sunan wanda ke da alhaki. A sa lokutan salla a cikin jadawali, kada a buɗe taro daidai lokacin Juma'a ko a sa gabatarwa da safiyar Lahadi lokacin da wasu suke coci. A yarda tawaga ta gabatar da Hausa in da ita ta fi iya bayani, a samo alƙalin da yake ji. A ware kyauta ta musamman ga waɗanda wannan ne karonsu na farko, a wallafa ma'aunin da alƙalai za su bi tun kafin a fara, a biya waɗanda suka ci cikin lokacin da aka yi alkawari. Jami'o'inmu da kwalejojin fasaha da hukumomi irin su NITDA da suke ɗaukar nauyin waɗannan taruka, muna roƙonsu su riƙa ware wani kaso na kuɗin don watanni ukun da ke biyo baya: tebur, wuta, data, da ƙwararre guda da zai riƙa duba tawagogin nan duk mako.